Daga Kogi Zuwa Akwatin Gilashi: Tarihin Kiwon Kifi Da Abin Da Yake Koya Mana

 Yau za mu ɗan ajiye maganar ƙa'idojin rubutu, mu leƙa tarihin wata sana'a da ta shigo mana gida ba tare da mun tsaya mun tambayi asalinta ba, wato kiwon kifi. A garuruwanmu na yammacin Kano, irin su Gwarzo da Getso da Kabo da Garo, yanzu ba abin mamaki ba ne a shiga gida a tarar da tankin roba ko kwamin siminti cike da tarwaɗa. A wasu shagunan da ofisoshi kuma akan ga akwatin gilashi da ƙananan kifaye masu launi suna yawo a ciki. Ko a littattafanmu, idan marubuci zai siffanta falon attajiri, da wuya ya manta da wannan akwati.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawan kifin da ke mutuwa a makonnin farko. Matashi ya tara kuɗinsa ko ya ci bashi, ya zuba 'ya'yan kifi, kafin wata guda ya wayi gari ya tarar sun juya ciki sama. Daga nan sai zargi ya tashi: a ce iri ne marar kyau, ko a ce baki ne ya kama. Wani lokacin irin ne da gaske. Amma mafi yawan lokuta amsar tana cikin ruwan, kuma tarihi ya daɗe da bayyana ta. Mai kiwon kifi, ruwa yake kiwo kafin ya kiwata kifi. Duk kuskuren da sabon shiga ke yi, idan aka bi diddiginsa, za a tarar ya manta da wani aiki ne da kogi yake yi wa kifi kyauta.

ZAMANIN SU

Kakanninmu masunta ne, ba makiyayan kifi ba. Ƙasar Gwarzo da Kabo ƙasa ce ta rafuka masu bin damina, waɗanda galibinsu ke gangarawa zuwa Kogin Challawa. Challawa kuma ya haɗu da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja, ruwan ya nufi Yobe har zuwa Tafkin Chadi. Idan damina ta kankama, rafukan su cika su tumbatsa, kifi ya hauro ya bazu a fadamu ya yi ƙwai. Idan rani ya shigo, ruwa ya janye ya bar tafkuna da kududdufai, nan ne masunta ke shiga da koma da taru da birgi da fatsa. A wuraren da ruwa ya fi yawa a ƙasar Hausa, sana'ar tana da sarautarta, wato Sarkin Ruwa, kuma tana da doka: akwai ruwan da ba a taɓa shi sai ranar da aka buɗe su. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu tun 1934, a kan wannan doka ya ginu, domin Matan Fada a tsare yake har ranar biki ta zo. Hikimar a fili take. An fahimci cewa ruwa yana buƙatar hutu, kifi kuma yana buƙatar lokaci.

Sai dai kifayen da muka gada a irin wannan ƙasa kifaye ne masu taurin rai, kuma wannan ya bar mana wata fahimta da ke cutar da mu a yau. Tarwaɗa tana da wata gaɓa ta musamman a cikin kanta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a caɓi, har ma ta ja ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ta koma wani ruwan. Gaiwa ta fi ta. Idan ruwa ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta watanni har ruwan sama ya dawo. Wanda ya tashi yana ganin irin waɗannan, dole ya ɗauka cewa kifi ba ya buƙatar komai sai a jefa shi a ruwa. To amma jure wahala daban, lafiya da girma daban. Tarwaɗar da ke cikin ƙazamin ruwa tana iya kwana da rai, amma ba za ta ci abinci yadda ya kamata ba, ba za ta yi nauyi ba, kuma cuta kaɗan ce za ta kayar da ita. Kifayen ado kuwa, mafi yawansu ba su da ko rabin wannan juriyar.

Me kogi yake yi wa kifi? Yana kwashe ƙazantarsa ya tafi da ita. Yana cuɗanya da iska a duk inda ya karya ko ya bugi dutse. Yana ba shi abinci daidai gwargwado, ba tuli guda ba. Yana da zurfin da kifi zai sauka idan sama ta yi zafi ko sanyi. Yana kuma ba shi filin guje wa wanda ya fi shi ƙarfi. Mu riƙe waɗannan ayyuka biyar, domin sauran tarihin duk labarin yadda suka dawo wuyan ɗan Adam ne, ɗaya bayan ɗaya.

ZAMANIN MADATSUN RUWA

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko kuma shi ne Audu Baƙo, wanda ya riƙe ta har 1975. A zamaninsa aka ɗauki gina madatsun ruwa a matsayin babbar manufa, farin da aka yi a farkon shekarun 1970 kuma ya ƙara nuna muhimmancin hakan. Aka gina Bagauda, aka kammala Tiga a 1974, aka kafa hukumar WRECA da ta ci gaba da aikin bayan tafiyarsa. A cikin wannan yunƙuri ne yankinmu ya samu nasa rabon: Guzuguzu da Magaga a ƙasar Kabo, Pada a ƙasar Gwarzo, sai Watari a maƙwabciyarmu Ɓagwai. Daga baya, a 1992, aka kammala babban dam na Challawa a Ƙaraye.

An yi waɗannan madatsu ne domin ruwan sha da noman rani, amma sun sauya tarihin kifi a wannan yanki. A karon farko aka samu ruwa mai zurfi da ke kwana shekara bai ƙafe ba. Su ya tashi daga aikin 'yan watanni ya zama sana'ar kullum, karfasa da tarwaɗa suka yawaita a kasuwanninmu. A lokaci guda kuma tunanin hukuma ya fara karkata daga kamun kifi zuwa shuka shi. Tun 1951 Turawan mulkin mallaka suka buɗe gonar kifi a Panyam da ke Jihar Filato ta yanzu, inda aka gwada kiwon wani kifi da aka shigo da shi daga Turai. Bayan kammala dam na Kainji a 1968, aka kafa aikin bincike a New Bussa wanda ya zama cibiyar nazarin kifin ruwan daɗi ta ƙasa. A Kano kuma aka samar da wurin ƙyanƙyasar irin kifi a Bagauda.

Babban sauyin ya zo ne ta kan tarwaɗa. Ita a ɗabi'arta ba ta sakin ƙwai a tsare, sai ta ji alamun damina da ambaliya. A shekarun 1970 da 1980, masu bincike a Afirka ta Tsakiya da ƙasar Holan suka gano yadda za a yi mata allurar da za ta sa ta saki ƙwai a kowane lokaci, a haɗa da maniyyin namiji a ƙyanƙyashe dubbai a cikin ɗaki. Da wannan dabara ta yaɗu, ga kuma abincin kifi mai yawo a saman ruwa ya shigo kasuwa, sai kiwon tarwaɗa ya bunƙasa a Nijeriya daga farkon shekarun 2000. A yau Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wannan nau'in tarwaɗa, a Afirka kuma Masar ce kaɗai ta fi ta noman kifi gaba ɗaya. Ta haka kifi ya baro kogi ya shiga dam, ya baro dam ya shiga tsakar gida. A kowane mataki ruwan yana ƙara ƙanƙancewa, nauyin da ke kan mai shi yana ƙara girma.

ASALIN AKWATIN GILASHI

Ajiye kifi don sha'awa ya girmi duk wannan da nisa. A wani zanen bango na kabarin Nebamun a tsohuwar Masar, wanda aka yi wajen shekara 1350 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai hoton tafkin lambu da kifaye da agwagi a ciki. Zanen yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. A ƙasar Sin kuwa, ana jingina wa wani mai suna Fan Li rubutu mafi daɗewa a kan kiwon kifi, wajen ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, kuma abin lura shi ne ya damu da faɗin tafki da adadin kifin da za a zuba. Sinawa ne kuma suka samar da kifin zinare. Asalinsa kifi ne mai launin toka, sai aka riƙa ware waɗanda suka fito da ja ko ruwan ɗorawa ana haɗa su. A zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, kiwonsa a tafkuna ya kafu, daga baya aka fara shigar da shi ɗaki a cikin manyan tukwanen tangaran. Ya isa Japan a farkon ƙarni na 16, ya isa Turai a ƙarni na 17.

Akwatin gilashi irin wanda muka sani ɗan ƙarni na 19 ne, kuma mata biyu suna sahun farko a tarihinsa. Jeanne Villepreux-Power, Bafaransiya da ta fara rayuwa a matsayin tela, ta ƙera akwatin gilashi a 1832 a tsibirin Sisili domin ta yi nazarin wata halittar teku mai ɓawo. A Landan kuma, wajen 1846, Anna Thynne ta ajiye murjani mai rai a gidanta. Da yake teku ya yi mata nisa, ba ta da sabon ruwan da za ta riƙa sauyawa, sai ta sa ana ɗibar ruwan ana kwarara shi daga wannan mazubi zuwa wancan a gaban taga a buɗe. Da taimakon wannan dabara halittun suka rayu shekaru. Ta mayar wa ruwan ɗaya daga ayyukan kogi kenan, wato cuɗanya da iska.

A 1850 wani masanin haɗa sinadarai mai suna Robert Warington ya bayyana gwajin da ya yi. Ya zuba kifin zinare biyu a mazubi mai cin kimanin galan 12, ya dasa ciyawar ruwa a ciki. Da farko komai lafiya, sai tsofaffin ganyaye suka fara ruɓewa, ruwan ya gurɓace. Maimakon ya zubar, sai ya saka 'yan dodon koɗi, suka cinye ruɓaɓɓen ganyen, ruwan ya washe. Abin da ya nuna shi ne akwatin kifi ƙaramar duniya ce da kowane ɓangare ke riƙe da ɗan uwansa. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifaye na farko da jama'a ke shiga kallo, a 1854 kuma Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya yaɗa sunan akwariyam. Da yake an soke harajin gilashi a Ingila tun 1845, gilashi ya yi araha, kowane gida mai hali ya so ya mallaki nasa. Ba a daɗe ba yayin ya lafa, domin kifayen mutane sun yi ta mutuwa ba su san dalili ba. Halin da sabon shiga yake ciki a Kabo a yau, mutanen Landan sun shige shi shekara fiye da 160 da suka wuce.

Cikakkiyar amsa ba daga masu kifi ta fito ba, daga masu nazarin ƙasar noma ta fito. A 1877 wasu Faransawa biyu, Schloesing da Müntz, suka tabbatar da cewa wasu halittu ne da ido ba ya gani suke sauya sinadarin amoniya zuwa wani abu daban. Wajen 1890 Sergei Winogradsky, ɗan ƙasar Rasha, ya gano ƙwayoyin bakteriyar da ke wannan aiki. Ga yadda abin ya shafi kifi. Kifi yana fitar da amoniya ta gefen kansa inda yake numfashi, kashinsa da ragowar abinci ma suna ruɓewa su ƙara ta. Amoniya guba ce ko da kaɗan ce. Wani rukunin bakteriya yana mayar da ita guba ta biyu, wadda ke hana jinin kifi ɗaukar iska. Wani rukunin kuma ya mayar da ta biyun zuwa sinadari na uku mai sauƙin illa, wanda tsirrai ke sha a matsayin taki, ko a rage shi ta hanyar sauya ruwa. A kogi waɗannan bakteriya suna manne a kan kowane dutse da yashi. A sabon akwati kuwa babu su, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu.

Kafin mu wuce, akwai abin da ya kamata mu sani. Ba baƙi ba ne mu a wannan harka ta duniya. Ana kama kifayen ruwan Nijeriya a fitar da su ta Legas zuwa Turai da Amurka da Asiya don ado. Ƙurungu da minjirya da gaiwa, da wani kifi na Kogin Neja mai dogon leɓe kamar hancin giwa, duk suna cikin akwatunan mutanen da ba su taɓa jin sunan Yawuri ba. Abin da muke gani a faranti, wani yana can yana auna masa zafin ruwa.

KURAKURAN DA TARIHI YA RIGA YA AMSA

Na farko shi ne gaggawa. A sayo akwati da kifi rana ɗaya, a cika ruwa a zuba. Kwana uku ruwan garau, mai shi yana murna, a mako na biyu kifi ya fara haki a sama yana mutuwa. Amoniya ce ta taru babu mai cin ta, kuma ba ta da launi balle a gan ta. Hanyar ita ce a kunna matacin ruwa a bar akwatin ya yi makonni ana ɗan jefa ƙwayar abinci, ko a samo soson mataci daga lafiyayyen akwatin da ya daɗe, sannan a fara da kifi kaɗan a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Mai sabon kwamin siminti yana da ƙarin aiki. Sabon siminti yana sakin sinadari mai kaifi irin na kanwa da ke ƙona fatar kifi, don haka sai an jiƙa kwamin makonni ana zubarwa ana sakewa kafin a saka ko ɗa guda.

Na biyu, rashin sanin ruwan da ake amfani da shi. Ruwan famfo yana ɗauke da sinadarin kulorin da ake sakawa don kashe ƙwayoyin cuta. Alheri ne ga mutum, amma yana lalata wurin numfashin kifi, yana kuma kashe bakteriyar nan masu amfani. A tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana ya wuni, ko a saka maganin da ke kashe kaifinsa. Ruwan burtsatse da na rijiya mai zurfi ba su da kulorin, sai dai suna fitowa da ƙarancin iska, don haka a bar su su sha iska tukuna. Ruwan dam ko na rafi kuwa yana iya zuwa da ƙwayoyin cuta, da maganin feshin da ya gangaro daga gonakin rani.

Na uku, yawan abinci. Mu mutane ne masu karamci, kuma kifi ba ya nuna ya ƙoshi, kullum bakinsa a buɗe. A gidan da yara suke, kowa ya wuce sai ya watsa. Duk ƙwayar da ba a ci ba tana nutsewa ta ruɓe ta zama guba, ta kuma shanye iskar ruwan. A akwatin ado, abin da za su cinye cikin minti biyu zuwa uku ya isa, sau ɗaya ko biyu a rana. Lafiyayyen babban kifi yana iya kwanaki bai ci ba lafiya lau, amma ba ya jure ruɓaɓɓen ruwa. Ga mai tarwaɗa kuma asarar biyu ce, domin abinci ne ke cin fiye da rabin kuɗin kiwon.

Na huɗu, cunkoso da haɗa waɗanda ba sa zama tare. Ƙaramin ruwa ya fi saurin lalacewa, shi ya sa ƙaramar kwalbar nan mai kama da tulu da ake saka kifin zinare ta fi kowane mazubi wahalar kulawa. Kifin zinare yana iya kai tsawon tafin hannu ko fiye, yana iya shekara goma da ɗoriya, kuma yana da yawan ƙazanta. Wanda ya mutu a wata uku a kwalba ba ajalin jinsinsa ya cika ba. Ga sabon shiga, akwati mai cin lita 60 zuwa sama ya fi sauƙi a kan mai lita 10. Tarwaɗa kuwa tana cin 'yar uwarta. Idan wasu suka zarce sauran girma ba a ware su ba, mai kiwo zai ga adadi yana raguwa babu gawa, har ya fara zargin maƙwabta. Ware manya daga ƙanana duk bayan kamar mako biyu a farkon kiwo shi ne maganin.

Na biyar, tsafta marar ilimi. Ruwa ya ɗan yi duhu, sai a kwashe kifin a bokiti, a zubar da ruwan duka, a wanke akwati da tsakuwa da soso da sabulu. An kashe bakteriyar da aka yi makonni ana jira, ga ragowar sabulu, ga sabon ruwa mai bambancin zafi. A akwatin ado, kashi ɗaya cikin huɗu ake sauyawa duk mako, a zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyo, soson mataci kuma a ɗauraye shi a cikin ruwan da aka cire. Sabulu ba ya kusantar kayan kifi. Tankin tarwaɗa da ba shi da mataci ya fi buƙatar sauyi akai-akai saboda yawan kifin, kuma hanci ma'auni ne: Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Na shida, mantawa da yanayinmu. Yawancin kifayen ado na ƙasashe masu zafi suna son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 28, tarwaɗa kuma ta fi girma a wajen 26 zuwa 30. A tsakiyar hunturu, daren Gwarzo yana sauka ƙasa da digiri 15. Kifi ba ya ɗumama jikinsa da kansa, don haka cinsa yana raguwa, garkuwar jikinsa ta yi rauni. A lokacin a rage abinci, a rufe tanki da dare, a guji sauya ruwa da asuba. A bazara kuma matsalar ta juya. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe kimanin miligiram 9 na iskar oksijin a kowace lita, mai digiri 30 kuwa kimanin 7 da rabi ne, alhali a zafin ne kifi ya fi buƙatarta. Tanki yana son inuwa, akwati kuma kada a ajiye shi inda rana ke dukansa, domin ban da zafi, gansakuka za ta rufe gilashin. Sai kuma wutar lantarki. Idan aka ɗauke ta sa'o'i masu yawa, injin hura iska ya tsaya, bakteriyar cikin mataci ma su fara mutuwa. Mai hali ya nemi ƙaramin inji mai batir ko mai aiki da hasken rana. Wanda ba shi da shi, dabarar Anna Thynne tana nan: a ɗebi ruwan da kofi a riƙa kwararo shi daga sama, a kuma dakatar da abinci har wuta ta dawo.

Na bakwai, yadda ake karɓar baƙon kifi da yadda ake magani. Kifin da ya sha tafiya daga cikin birni a leda ya gaji. A ɗora ledar a kan ruwan minti 15 zuwa 20 zafinsu ya daidaita, a riƙa ɗan zuba ruwan akwatin a ciki, sannan a tsamo kifin kaɗai. Mafi kyau ma a keɓe shi a wani mazubi mako biyu zuwa huɗu. Cutar farin ɗigo, wadda ke sa kifi ya yi kamar an barbaɗa masa gishiri yana goga jiki a dutse, an bayyana ta a kimiyyance tun 1876, kuma har yau ta hanyar baƙon kifi ta fi shiga. Idan kifi ya nuna rashin lafiya, a fara duba ruwa kafin a nemi magani. Ɓare kafso na mutane a zuba a tanki ba bisa shawarar masani ba yana kashe bakteriya masu amfani, yana koya wa masu cutarwa jure magani, kuma idan kifin ci ne, ragowar tana ƙarewa a cikin mai saye.

Na ƙarshe ya shafi kowa, har wanda bai taɓa kiwo ba. Wanda ya gaji da kifinsa na ado kada ya kai shi Guzuguzu ko Pada ya sake da sunan tausayi. A shekarun 1950 aka saka giwan ruwa a Tafkin Biktoriya da ke gabashin Afirka. Cikin 'yan shekaru gommai, nau'o'in ƙananan kifayen tafkin masu ɗimbin yawa, waɗanda babu su a ko'ina a duniya, suka ɓace. Giwan ruwa ɗan gida ne a Kogin Neja da Tafkin Chadi, amma a can baƙo ne. Baƙon kifi ko baƙuwar ciyawar ruwa, idan suka kama wuri, ba a iya kiran su su dawo. A ba wani mai kiwo, ko a mayar wa mai sayarwa.

Idan muka haɗa zaren, za mu ga cewa dokar Sarkin Ruwa ta hana su sai lokaci ya yi, da lissafin Fan Li na yawan kifi a tafki, da makonni shida na jiran bakteriya, duk magana ɗaya suke yi: ruwa yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma yana da lokacinsa. Matashin da ya san haka kafin ya zuba jarinsa ya tsira daga asarar da ta fi kowace yawa a wannan sana'a.

Mu kuma da muke riƙe da alƙalami akwai namu aikin. Madatsun ruwan Kabo da Gwarzo ba su kai shekara sittin ba, ma'ana akwai dattawan da suka san wuraren tun suna gonaki da rafuka, suka ga zuwan ruwan, suka san kifin da ake kamawa da da wanda ya daina fitowa. Wannan tarihi a bakinsu yake, kuma sunayen kifaye da na kayan su suna ɓacewa tare da su. Duk wanda yake kusa da ɗaya daga cikin waɗannan madatsu, ya ɗauki littafi da biro ya je ya zauna da masunta, ya tambayi sunan kowane kifi da watan da yake ƙwai. Abin da ya samo ya kawo mana nan mu karanta tare. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.